Kiribati: Ƙasar Da Ta Wayi Gari Babu Babban Alƙali

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan wata ƙasa da ba kasafai sunanta ke fitowa a shafukanku ba. Lokaci biyu nakan ga an ambaci Kiribati: a ƙarshen Disamba, idan ana lissafin waɗanda suka riga kowa shiga sabuwar shekara, sai kuma lokacin taron sauyin yanayi, idan ana jera ƙasashen da teku ke neman cinyewa. Duka biyun gaskiya ne. Amma tsakanin 2021 da 2024 an yi wani abu a wannan ƙasa wanda a ganina ya fi su cancantar babban kanu. Gwamnati ta bi manyan alƙalan ƙasar ɗaya bayan ɗaya tana dakatarwa, har aka wayi gari babu cikakken alƙali ko guda a Babbar Kotu, babu kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ɗungurungum. Ni tsohon magatakardan kotu ne, tsakanin fayil da rajista na yi furfura, shi ya sa labarin nan ya tsaya mini a rai tun ranar da na fara bin sa.

Sai mutum ya san yadda ƙasar take kafin ya gane nauyin abin. Tsibirai 33 ne a tsakiyar Tekun Fasifik. In aka haɗa tudunsu duka bai wuce murabba'in kilomita 811 ba, amma a warwatse suke cikin ruwan da ya haura murabba'in kilomita miliyan 3. Ƙidayar 2020 ta sami mutum wajen 119,000, fiye da rabinsu a cunkushe a Tarawa ta Kudu, inda fadar gwamnati take. Daga Tarawa zuwa tsibirin Kiritimati ya fi kilomita 3,000, kuma mai son zuwa a jirgin sama yakan fita daga ƙasar tukuna, ya bi ta Fiji, sannan ya sake shigowa. Kafin 1995 ma layin da ke raba kwanan wata na duniya ta tsakiyar ƙasar ya ratsa, in ana Litinin a Tarawa, Lahadi ake yi a Kiritimati. To a irin wannan wuri ake so a kai sammaci, a kawo shaida, a tura takardun ɗaukaka ƙara kafin wa'adi ya cika.

Abin da ke riƙe da shari'a a can shi ne kotunan majistare da ke kan tsibiran. Yawancin majistarorin ba lauyoyi ba ne. Mutanen wurin ne, akasari dattawa, waɗanda suka san asalin kowane gida. Sukan zauna su uku a kan ƙananan laifuka da rigimar bashi, in kuwa maganar fili ce sai su zauna su biyar. Dokar ƙasar ta 1989 ta amince da al'ada a matsayin tushen shari'a, musamman a kan fili da gado da riƙon 'ya'ya. Kuma fili a Kiribati ba ƙaramin abu ba ne. Tsibiran sirara ne, akwai wuraren da za ka tsaya kana ganin ruwa a gabanka da bayanka, tudun kuma bai fi mita biyu zuwa uku a kan teku ba. Gonar iyali takan miƙe ne a tsaye, siririya, daga bakin tafkin da tsibirin ya kewaye zuwa bakin teku. A cikinta akwai bishiyoyin kwakwa, waɗanda busasshen 'ya'yansu ne kusan kaɗai hanyar samun kuɗi a tsibiran nesa. Akwai kuma ramin babai, wani irin gwaza mai girma da ake haƙa wa rami har sai an tarar da ruwan daɗi, a yi shekaru ana yi masa taki da ganye kafin ya isa a fito da shi ranar biki. Dutsen iyaka ya gusa da taku biyar, bishiyar kwakwa uku sun koma hannun maƙwabci. Tsoho ya ba wa wadda ta yi jinyarsa fili, bayan rasuwarsa 'ya'yan da suka tafi birni su dawo su ce ba su san zancen ba. Irin ƙararrakin da dattawan nan biyar ke saurare ke nan, kuma kowa a ɗakin ya san kowa.

Daga nan ake ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu da ke Betio, a ƙarshen Tarawa ta yamma. Ita ce ke shari'ar kisan kai da sauran manyan laifuka, ita ke sauraren ƙarar zaɓe, ita ke fassara kundin tsarin mulki, ita kuma ke duba hukuncin majistarori. Alƙalinta yakan ɗauki jaka ya bi tsibiran nesa lokaci-lokaci ya zauna a can. A saman ta akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda tun samun 'yancin kai daga Birtaniya a ranar 12 ga Yuli, 1979, baƙi ne ke zama a cikinta, kafin 2022 galibi tsofaffin alƙalan Niyu Zilan da Ostareliya da suka yi ritaya. Sukan zo sau ɗaya a shekara, su share abin da ya taru, su koma gida. Kujerar Alƙalin Alƙalai ita ma baƙi ne suka yi ta hawa. Kafin rikicin nan Sir John Muria ne a kai, mutumin tsibiran Solomon.

Ba na cikin masu ganin aron alƙali abin kunya ne a kansa. Ƙasar da mutanenta duka ba su kai na unguwa guda ta babban birni ba, ina za ta samo ƙwararrun alƙalan ɗaukaka ƙara, ta biya su albashin shekara, alhali aikinsu na mako biyu ne? Ba ta da makarantar koyon lauya tata, sai ɗalibi ya tafi Port Vila a Vanuatu, inda Jami'ar Kudancin Fasifik ke da sashen shari'a, ko ya wuce gaba. Ga kuma maganar dangantaka. Inda mai ƙara ɗan baffan alƙali ne, wanda ake ƙara kuma surukinsa, baƙon da bai haɗa jini da kowa ba yana da amfani, kuma talaka yakan fi sakin jiki da shi. Duk wannan na yarda. Sai dai zanen aro ba ya rufe katara. Baƙon alƙali yana da wani rauni da ɗan ƙasa ba shi da shi: zamansa a ƙasar da biza yake yi, aikinsa da takardar izini, kuma takardun nan biyu a aljihun gwamnati suke, wato wadda ta fi kowa yawan shari'a a gabansa. Kundin tsarin mulki yana iya cewa ba a tsige alƙali sai da dogon bincike. Ma'aikacin shige da fice ba ya buƙatar tsige kowa, hatimi kawai zai hana.

Abin da ya faru da Mai Shari'a David Lambourne ke nan. Mutumin Ostareliya ne, amma tun 1995 yake zaune a Kiribati. Ya yi aikin lauyan talakawa, ya yi aikin lauyan gwamnati, ya yi aure a can. A 2018 aka naɗa shi alƙalin Babbar Kotu, kuma takardar naɗin ba ta faɗi ranar da aikinsa zai ƙare ba. Matarsa ita ce Tessie Lambourne, wadda ta yi jakadiyar Kiribati a Taiwan har zuwa Satumban 2019, lokacin da Shugaba Taneti Maamau ya yanke hulɗa da Taiwan ya koma wa ƙasar Sin. A 2020 ta ci zaɓen majalisa daga tsibirin Abemama, ta zama jagorar 'yan adawa. A Fabrairun wannan shekarar mijinta ya tafi wani taro a Ostareliya, cutar korona ta ɓarke, aka rufe iyakoki, ya maƙale a can. Daga nan aka shiga yi masa wasa da hankali. Aka ƙi sabunta masa takardar izinin aiki. Aka hana shi gurbi a jiragen da ke dawo da mutane gida. Aka tsayar da albashinsa. Aka gindaya masa sharaɗin sa hannu a kan kwantiragin shekara uku da aka mayar da kwanan watansa baya, ta yadda aikinsa zai ƙare a tsakiyar 2021. Majalisa kuma ta yi gyaran doka mai cewa kowane alƙali sai da ƙayyadadden wa'adi, har da waɗanda aka riga aka naɗa.

Ya kai ƙara. Sabon Alƙalin Alƙalai, William Hastings, haifaffen Kanada da aka aro daga kotunan Niyu Zilan a 2021, ya yanke hukunci a Nuwambar shekarar cewa abin da gwamnati ta yi ya saɓa wa kundin tsarin mulki, kuma naɗin Lambourne bai ƙare ba. A Mayun 2022 Shugaba ya dakatar da Lambourne bisa zargin rashin ɗa'a, ya kafa kwamitin bincike. Lambourne ya sake garzayawa kotu. Ranar 30 ga Yuni, Hastings na shirin fara sauraren wannan ƙara, sai ga takardar dakatar da shi shi ma. Alƙali biyu ne dama a Babbar Kotun. Ranar nan aka rasa duka.

Ina so mai karatu ya tsaya ya dubi ranar 11 ga Agusta, 2022, da kyau. Lambourne ya samu ya dawo Tarawa a farkon watan da bizar baƙo, shi da yake alƙalin ƙasar. Ranar nan jami'ai suka ɗauke shi da takardar tasa ƙeya, suka kai shi filin jirgin sama na Bonriki, inda jirgin Fiji Airways ke shirin tashi. Lauyoyinsa suka samo umarnin gaggawa daga Kotun Ɗaukaka Ƙara cewa kada a fitar da shi. Jami'an suka yi biris. Sai matuƙin jirgin ya ce shi ba zai ɗauki mutum bisa tilas ba alhali ga umarnin kotu. Hukuma ta ce to jirgin ba zai tashi ba sai da shi. Aka yi sa'o'i ana ja-in-ja, fasinjoji na jira, daga ƙarshe jirgin ya tashi ba tare da shi ba, aka kai shi wani masauki aka tsare. Washegari kotu ta ba da umarni a sake shi. Wannan shi ne abin da ya fi sosa mini rai a duk labarin: a filin jirgin nan cike da ma'aikatan gwamnati masu kaki da marasa kaki, waɗanda duk sun yi rantsuwar bin doka, mutum ɗaya da ya girmama takardar kotun Kiribati shi ne matuƙin jirgin wata ƙasa. Na yi aikin buga hatimi a kan umarnin kotu, na miƙa wa masinja ya kai. Takardar ba ta da bindiga, ba ta da ƙafa. Ƙarfinta duka yana ga wanda aka miƙa wa, ko ya ji nauyinta ko ya ninke ta ya sa aljihu.

Gwamnati ta ce Lambourne barazana ne ga tsaron ƙasa, har ta ɗauko lauya daga New York ya faɗa wa kotun cewa wajibinta ne ta sallama wa ɓangaren zartarwa a kan irin wannan batu. Ranar 26 ga Agusta alƙalan uku, Peter Blanchard da Rodney Hansen da Paul Heath, dukansu tsofaffin manyan alƙalan Niyu Zilan, suka yi watsi da wannan hujja, suka soke takardar korar, suka tabbatar da hukuncin Hastings. Ba a yi mako biyu ba aka dakatar da su ukun. Alƙali biyar ke nan cikin wata huɗu, kuma huɗu daga cikinsu abin da ya haɗa su shi ne hukuncin da gwamnati ba ta so.

Adalci ne in kawo hujjar gwamnati, domin tana da ita, kuma ba duka ce ta banza ba. Ta ce ba a taɓa nufin a ba baƙo kujerar alƙali har mutuwa ba, duk waɗanda suka gabata da wa'adi suka yi aiki. Ta ce alƙalai baƙi sun haɗa kai suna kare ɗan'uwansu, suna neman ƙwace ikon da jama'a suka damƙa wa zaɓaɓɓun shugabanni. Ga kuma abin da kowa ke gani ko ba a faɗa ba: alƙalin da zai saurari ƙarar zaɓe yana kwana gida ɗaya da jagorar 'yan adawa. Ni ma da a ce ɗan Kiribati ne mai goyon bayan gwamnati, da wannan ya dame ni. Amma shari'a ta daɗe da sanin maganin irin wannan. Alƙali yakan janye daga duk ƙarar da ta shafi iyalinsa ko jam'iyyarsu, in ya ƙi a ɗaukaka ƙara a kansa. In kuma wa'adi ake so, a yi doka ta shafi waɗanda za a naɗa nan gaba. Wanda ya ba da takardar naɗi babu ranar ƙarewa shi ya yi sakaci, ba wanda ya karɓa ba. Maganar 'yancin ƙasa kuwa, ai kundin da alƙalan suka kare ba na Niyu Zilan ba ne. Na Kiribati ne, 'yan Kiribati suka zauna suka amince da shi, kuma shi ya ce ba a cire alƙali sai don gazawa ko rashin ɗa'a, bayan kwamiti ya bincika, majalisa ta amince. Kuskuren da ke cikin kundin shi ne ya bar wa Shugaba wuƙa da nama a mataki na farko: shi ke kafa kwamitin, shi ke zaɓen mutanensa, shi ke dakatar da alƙalin kafin a gama binciken, ba a kuma sa masa ranar gamawa ba. Dakatarwar da ba ta da iyaka ai tsigewa ce, sunan kawai aka sauya.

Yanzu bari in zo kan waɗanda ba a ji sunansu a rediyo ba, waɗanda saboda su na ɗauki alƙalami. Hastings ya yi murabus a ƙarshen 2022 ya koma kujerarsa a Niyu Zilan. Dattawan nan uku dama 'yan fansho ne, suna gidajensu. Wanda ya ɗanɗana kuɗarsa shi ne mutumin da ke tsare yana jiran shari'a a kan babban laifi, wanda majistare ba shi da hurumin taɓa fayil ɗinsa. Shi ne yarinyar da aka yi wa fyaɗe, iyayenta suka daure suka kai ƙara a tsibirin da kowa zai nuna su da baki, sannan aka ce su jira. Shi ne tsohon da dattawa biyar suka ba ɗan'uwansa gaskiya a kan ramin babai, ya tara kuɗin kwakwa ya biya kuɗin ɗaukaka ƙara, ya hau jirgin ruwa zuwa Betio, aka ce masa babu alƙali. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta fi shekara guda ba ta zauna ba, wato duk wanda aka yanke wa hukunci bisa kuskure a lokacin ba shi da inda zai kai kuka. Na san wannan fuska. A teburina akwai wata dattijuwa da ta riƙa zuwa a kan rabon gado a lokacin da kujerar alƙalinmu ta daɗe babu kowa. Takan kwance bakin zanenta ta fito da 'yar takardar da na rubuta mata rana, duk ta yi laushi don ninki, ta ajiye a gabana ba ta ce komai ba. Ni kuma in juya bayan takardar in rubuta wata rana. Da bayan ya cika sai na ba ta sabuwa. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, "Allah ya kai mu" kawai take cewa. Shaidunta biyu sun rasu kafin a naɗa mana alƙali. Shari'ar fili da gado a ƙwaƙwalwar tsofaffi take zaune, duk watan da aka ɗage ana binne wani ɓangare na hujjar.

A Oktoban 2022 Shugaba Maamau ya naɗa Tetiro Semilota muƙaddashiyar Alƙalin Alƙalai. Ita ce 'yar ƙasa ta farko, kuma mace ta farko, da ta hau wannan kujera, bayan shekara 43 da samun 'yanci. Wannan abin murna ne, kuma ya kamata a ce an yi shi tun da daɗewa. Amma daga kujerar Antoni Janar aka ɗauko ta, wato shugabar ofishin da ke tsaya wa gwamnati a shari'ar da ta haifar da rikicin, kuma riƙon ƙwarya aka ba ta. Ba na zargin matar da komai. Abin da nake cewa shi ne an zalunce ta ita ma. An sa ta a kujerar da duk hukuncin da ta yanke wa gwamnati za a ce biyan bashi ne, duk wanda ta yanke a kan gwamnati kuma ta san abin da ya sami mutum biyar kafin ta. 'Yar ƙasa ta farko ta cancanci hawa kujerar da ta fi wannan tsabta. Ƙungiyoyin lauyoyin Ostareliya da Niyu Zilan sun yi magana, masu sa ido na Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yancin alƙalai, Diego García-Sayán da Margaret Satterthwaite da ta gaje shi, su ma sun yi. Ba abin da ya sauya.

Kiribati ba ita ta fara ba. A Janairun 2014 maƙwabciyarta Nauru, mai mutum wajen dubu goma, ta kori babban majistarenta Peter Law daga ƙasar. Alƙalin Alƙalai Geoffrey Eames ya ba da umarnin a dakata, sai aka soke bizarsa yana Ostareliya, ya kasa dawowa, bayan wata biyu ya ajiye aiki. A 2018 Nauru ta toshe hanyar ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun Ostareliya. Hanya ɗaya ce, makami ɗaya: biza. Sai a dubi Samoa a 2021. Bayan zaɓe, gwamnatin da ta fi shekara talatin a kan mulki ta ƙi sauka, aka garƙame ƙofar majalisa, har sabuwar firaminista Fiame Naomi Mata'afa ta yi rantsuwar kama aiki a cikin tanti a harabar majalisar ranar 24 ga Mayu. Alƙalan Samoa, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Satiu Simativa Perese, sun sha zagi da barazana, amma 'yan ƙasa ne. Babu jirgin da za a tura su ciki, babu hatimin da za a hana su. A watan Yuli kotu ta tabbatar da sabuwar gwamnati, tsohuwar ta kauce. Ba na cewa alƙalin gida ya fi baƙo tsoron Allah. Ina cewa ya fi shi wuyar tumɓukewa, kuma in aka taɓa shi akwai dangi da coci da gari da za su tashi.

Akwai wani abu a kundin Kiribati da ke nuna waɗanda suka rubuta shi sun san wannan matsala. Tsibirin Banaba, Turawa suka haƙe shi suna kwasar ma'adinin takin zamani daga 1900 zuwa 1979, aka kwashe mutanensa a 1945 aka kai su tsibirin Rabi a Fiji. Sun kai ƙara Landan a shekarun 1970, aka yi fiye da kwana 200 ana shari'a, har alƙalin, Robert Megarry, ya taka ya je tsibirin ya gani da idonsa. Ya ce lallai an ci amanarsu, amma haƙƙin da ke kan gwamnatin Birtaniya ba irin wanda kotu ke iya tilasta biya ba ne, sai 'yar diyya ƙalilan suka samu daga masu haƙar. Kotun waje ke nan, ba ta share musu hawaye ba. Duk da haka, da aka zo rubuta kundin 1979, an keɓe wa Banabawa babi guda, aka kuma bar musu ƙofar kai ƙara Majalisar Shari'a ta Sarautar Ingila a kan haƙƙoƙin da ke cikinsa, ƙofar da ba a bar wa kowa ba a ƙasar. Dalilin a fili yake: tsirarun da ba su da ƙuri'ar da za ta kare su suna buƙatar alƙalin da hannun gwamnatin Tarawa ba ya kai wa gare shi. Abin da 2022 ta nuna shi ne kowane ɗan Kiribati yana buƙatar irin wannan alƙali, kuma a Betio yake buƙatarsa.

Gyaran ba ya neman kuɗin da ƙasar ba ta da shi. In dai za a ci gaba da aron alƙali, to takardar naɗinsa ta zama ita ce bizarsa, ba mai iya soke ta sai ta hanyar da kundi ya shimfiɗa. A ba shi dogon wa'adi guda wanda ba a sabuntawa, domin alƙalin da ke jiran a sabunta masa kwantiragi rabin hankalinsa yana fadar shugaban ƙasa. A fitar da kafa kwamitin bincike daga hannun mutum ɗaya, a sa wa dakatarwa iyaka. Sannan a daina ɗaukar majistarorin nan da lauyoyin ƙasa kamar ba za su taɓa isa ba. Waɗanda suka yi shekaru suna raba rigimar iyaka tsakanin 'yan'uwa, suna fita daga kotu su haɗu da wanda suka kayar a bakin rijiya, sun san wani abu game da tsayawa kan gaskiya wanda ba a koyarwa a jami'a. A ba su ilimin, a hau da su mataki-mataki, tun kafin ranar da za a buƙace su da gaggawa.

A Afrilun 2024 majalisar Kiribati ta amince da shawarar kwamiti cewa a tsige Lambourne, a kan zargin jinkirin rubuta hukunci. A watan Mayu ya bar ƙasar da ya yi kusan shekara talatin a cikinta, ya bar matarsa a can. A watan Agusta Tessie Lambourne ta sake cin kujerarta, amma majalisa ce ke tantance masu takarar shugaban ƙasa, kuma duk waɗanda ta fitar daga jam'iyya mai mulki suke. A Oktoba Maamau ya ci wa'adi na uku. Duk mai ƙorafi a kan wannan, Babbar Kotun Betio ce wurin zuwansa.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne ka sa ɗaya daga cikin ma'aikatanka na teburin labaran waje ya bibiyi lamarin, ya kawo mana su wa ke zaune a manyan kotunan Kiribati yanzu, da wane irin wa'adi aka naɗa su, da kuma yawan ƙararrakin fili da ke jibge a Betio suna jiran rana.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara basira.

Naka,
Tsohon magatakardan kotu